Suger na Saint-Denis (1081–1151): Maginin da Ya Buɗe wa Haske Ƙofar Majami'a

Babu ikkilisiyar da ta taɓa kafa kwamitin gini, ko a Kauru, ko a Kafanchan, ko a ƙauyukan da ke gindin duwatsun Kagoro, da ba ta san wata tsohuwar gardama ba. Dattijo ɗaya zai tashi ya ce gidan Ubangiji ya cancanci abu mafi kyau, a sayi kwano mai tsada, a ɗaga hasumiya. Wani kuma zai tashi ya tuna wa taro da gwauraye da marayu, da albashin mai bishara da har yanzu ba a biya ba. Kowannensu da Littafi Mai Tsarki a hannu. Wannan gardama ba yau ta fara ba. Kusan shekara 900 da suka wuce ta taso a ƙasar Faransa, a kan wani ɗan gajeren mutum mai suna Suger. A hannunsa ne aka fara irin ginin majami'u da duniya ta sani yau da sunan Gotik.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Suger wajen shekara ta 1081. Iyayensa ba manyan masu sarauta ba ne, shi kansa kuwa ya sha ambata a rubuce-rubucensa cewa daga ƙasa Allah ya ɗaga shi. Yana da kimanin shekara 10 mahaifinsa ya kai shi gidan zuhudu na Saint-Denis, arewa da birnin Faris kaɗan, ya miƙa shi ga hidimar Allah, kamar yadda Hannatu ta kai Sama'ila wurin Eli. A wancan zamani wannan al'ada ce sananniya a Turai. Yaron ya girma bai san wani gida ba sai wannan, har ƙarshen ransa kuma yana ɗaukar gidan a matsayin uwar da ta rene shi.

Saint-Denis ba ƙaramin wuri ba ne. An kafa shi a kan kabarin Denis, bishop na farko na Faris, wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa wajen shekara ta 250. A nan aka binne Sarki Dagobert a 639, daga baya kuma wurin ya zama makabartar sarakunan Faransa. Majami'ar da Suger ya tarar an keɓe ta ne tun 775, a zamanin Sarki Charlemagne. Marubutan tarihi da yawa suna cewa a makarantar gidan ne Suger ya fara sanin yariman da daga baya ya zama Sarki Louis na Shida, wanda aka yi wa laƙabi da Mai Ƙiba. Zumuncin mutanen nan biyu ya ɗore har mutuwar sarkin a 1137.

Makarantar gona da shari'a

Kafin Suger ya taɓa dutsen gini, ya daɗe yana koyon riƙon dukiya. A 1107 aka tura shi ya kula da gonakin gidan zuhudun a Berneval, bakin teku a yankin Normandi, inda ya ga amfanin tsari da doka. A 1109 aka mayar da shi Toury, a kan hanyar Orleans. A can ya tarar da manoma cikin wahala, gama wani mai sarauta, Hugh na Le Puiset, yana fitowa daga ganuwarsa yana kwashe musu hatsi da dabbobi. Suger ya kai kuka wurin sarki, ya kewaye Toury da kariya, a 1111 kuma sarki ya ci ganuwar Hugh da yaƙi. Daga nan Suger ya gane cewa addu'ar mai zuhudu da garmar manomi duka suna bukatar zaman lafiya.

Sarki ya riƙa aikensa wurin Fafaroma. A 1122, yana kan hanyar dawowa daga Italiya, labari ya iske shi cewa shugaban gidansu, Adam, ya rasu, 'yan'uwa kuma sun zaɓe shi a madadinsa. Sarki ya fusata da farko domin an yi zaɓen ba da saninsa ba, har ya sa aka kulle manzannin da suka kawo masa labarin, amma daga baya ya huce. A watan Maris na wannan shekara aka naɗa Suger firist, kashegari aka ɗora shi a kan kujerar shugabanci. Yana da kimanin shekara 41.

Tsautawar Bernard

Gidan da ya gada ya yi sanyi a ruhaniya. Sojoji da fadawa da 'yan kasuwa suna kai da kawowa a harabar da aka keɓe domin shiru da addu'a, shi kansa Suger kuma yana tafiya da rakiya irin ta manyan sarakuna. A lokacin akwai wani mai zuhudu mai kaifin harshe, Bernard na Clairvaux, wanda ya ƙi jinin almubazzaranci a gidan Allah. Wajen 1125 ya yi wani rubutu inda ya soki masu zuhudu da ke lulluɓe duwatsun majami'a da zinariya alhali matalauta, waɗanda su ne 'ya'yan Ikkilisiya, suna yawo ba sutura. Ya yarda cewa majami'un bishop-bishop, inda talakawa marasa karatu ke sujada, suna iya amfani da ado domin jawo zukata, amma ya ce wanda ya rabu da duniya ba shi da hujjar tara ƙawarta.

Suger bai mayar da baƙar magana ba. A 1127 ya gyara gidansa, ya dawo da azumi da shiru da lokutan addu'a bisa ƙa'idar Benedict, ya fara kuwa da kansa. Bernard ya rubuto masa wasiƙar murna. Daga baya Suger ya gina wa kansa ɗan ƙaramin ɗaki a jikin majami'a, yana kwana a kan shimfiɗar ciyawa. Amma a kan batun adon gidan Allah bai sauya ra'ayi ba. A ganinsa, idan firistocin Tsohon Alkawari sun tari jinin awaki da bijimai a kwanonin zinariya, bai kamata a yi rowa ga teburin Ubangiji ba. Ya kuma gaskata cewa hankalin ɗan Adam mai nauyi ne, sai ta wurin abin da ido ke gani yake iya tashi zuwa ga abin da ba a gani.

Aikin gini

Bukatar gini ta gaske ce. Tsohuwar majami'ar ta yi wa jama'a kaɗan. Suger ya rubuta cewa a ranakun idi cunkoso yakan kai ga mata su suma, masu zuhudu kuma wani lokaci sukan tsere ta taga da kayan tsarki a hannu. Sai dai akwai wata matsala: mutane sun gaskata wani labari cewa Almasihu da kansa ne ya tsarkake bangon tsohon ginin, don haka rushe shi zai zama abin tuntuɓe. Suger ya yi hikima. Ya bar tsakiyar majami'ar yadda take, ya yi sabon gini a goshinta da ƙeyarta.

Ya shafe shekaru yana gyara kuɗin shiga na gonaki da kasuwanni kafin ya sa hannu. Wajen 1135 aka fara da fuskar yamma, mai ƙofofi 3 da wata babbar taga mai da'ira a sama, aka keɓe ta ranar 9 ga Yuni 1140. Ya yi tunanin ɗauko ginshiƙan marmara daga Roma ta jirgin ruwa, sai aka gano dutse mai kyau kusa da Pontoise, inda mutane suka saba fafe duwatsun niƙa. Jama'ar yankin, manya da talakawa, suka riƙa ɗaura igiya suna jan ginshiƙai daga rami da ƙarfinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da aka zo rufi, kafintoci suka ce babu dogayen itatuwan da za su isa a duk yankin, sai an je can wajen Auxerre. Suger ya kwana yana tunani. Da gari ya waye ya ɗauki ma'auni da kafintoci ya nufi dajin Iveline. Masu tsaron daji suka yi masa murmushin raini, suka rantse babu irin wannan itace a wurin. Ya kutsa cikin ƙaya da sarƙaƙƙiya da ƙafarsa, kafin la'asar ya sa wa itatuwa 12 alama, daidai adadin da ake bukata. Ya ɗauki wannan a matsayin tanadin Allah, amma mai lura zai ga cewa tanadin ya sami mutumin ne a cikin daji, ba a kan gado ba.

Ranar 14 ga Yuli 1140 aka kafa harsashin sashen gabas, inda bagade yake. A nan ne sabon abu ya bayyana. Majami'un da suka gabata suna da kauraran bangaye da ƙananan tagogi, domin rufin dutse yana tura bango waje, bango mai raunin jiki kuwa zai buɗe. Maginan Saint-Denis suka haɗa dabaru biyu. Ta farko ita ce baka mai tsini a sama, wadda ke tura nauyi ƙasa fiye da gefe, tana kuma barin bakuna masu faɗi daban-daban su kai tsawo ɗaya. Ta biyu ita ce haƙarƙarin dutse da ke gicciye a ƙarƙashin rufi, suna tattara nauyin suna sauke shi a kan ginshiƙai. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin soron Hausa mai bakan gizo ko ɗaurin guga, ko ya shiga majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa da aka gina da ƙasa a 1929, ya ga 'yar'uwar wannan dabara. Da yake ginshiƙai ne ke ɗauke da kaya, bango ya huta, aka fasa shi aka sa gilashi.

Ba Suger ne ya ƙago waɗannan dabaru ba. An yi amfani da haƙarƙarin dutse a babbar majami'ar Durham ta Ingila, wadda aka fara a 1093, baka mai tsini kuwa ta daɗe a gine-ginen Musulmi, kamar masallacin Ibn Tulun na Alƙahira da aka gama a 879. Ba shi ne kuma ya zana ginin ba, sunayen maginan ma tarihi bai adana su ba. Nasa shi ne hangen nesa, da tara kuɗi, da kiran gwanaye daga ƙasashe daban-daban, da nacewa a kan abu ɗaya: haske. Aka jera ƙananan ɗakunan addu'a 7 a kewayen bagade ba tare da bango a tsakaninsu ba, kowanne da manyan tagogi, har sashen ya zama kamar rawanin haske.

Cikin shekara 3 da wata 3 aikin ya tsaya. Ranar 11 ga Yuni 1144 aka keɓe shi a gaban Sarki Louis na Bakwai da matarsa Eleanor, da bishop-bishop kusan 20, har da babban bishop na Canterbury. Gani ya kori ji. Da yawa daga cikinsu suka koma gida da ƙudurin yin irinsa.

Fure a lambu, fure a dutse

Tagogin nan ba ado kaɗai ba ne, littafi ne ga wanda bai iya karatu ba. Ana narka yashi da tokar itace, a zuba ma'adinai domin launi, kobalt ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da ja ko kore, sa'an nan a yanka gilashin gunduwa-gunduwa a haɗa da darma. Akwai tagar rayuwar Musa, da ta haihuwar Almasihu. Wadda ta fi shahara ita ce Itacen Yesse, bisa annabcin Ishaya sura 11: Yesse yana kwance, itace ya tsiro daga jikinsa, sarakunan Yahuza a kan rassa, Almasihu kuma a can ƙoli kamar furen itacen. Suger ya naɗa gwani na musamman domin kula da tagogin, gama ya san gini ba ya ƙarewa ranar keɓewa.

Ba abin mamaki ba ne tsiro ya shiga majami'a, domin masu zuhudu manoma ne. Ƙa'idar Benedict ta bukaci kowane gida ya kasance da ruwa da maniƙa da lambu a cikin harabarsa. Wani tsohon zanen gidan zuhudu da ke ajiye a St. Gall, ƙasar Suwizalan, wanda aka yi wajen 820 zuwa 830, ya nuna lambun magani mai komai 16 kusa da ɗakin marasa lafiya, har da wardi da lili a ciki. Yawancin tsire-tsiren irin wannan lambu gajeru ne, masu ƙanshi, masu son rana da ƙasar da ba ta riƙe ruwa, waɗanda in an dasa su sau ɗaya sukan sake tohowa shekara da shekaru. Daga gare su ake samun magani da kayan miya da furen bagade.

Sannu a hankali lambun ya hau bango. Tagar nan mai da'ira ta Saint-Denis tana cikin na farko a irinta, a majami'un da suka biyo baya kuma ta buɗe ta yi ganye-ganye har Turawa suka sa mata suna tagar furen wardi. A ƙarni na 13 masassaƙan dutse a Reims ta Faransa da Southwell ta Ingila suka riƙa sassaƙa ganyayen da suke gani a gefen gonakinsu a kan ginshiƙai, da kyau har masanin tsirrai na yau yana iya faɗin sunan kowanne. Ba su ga ciyawar ƙauyensu ta yi ƙanƙanta ga gidan Allah ba.

Riƙon ƙasa da rasuwarsa

A 1147 Sarki Louis na Bakwai ya tafi yaƙin da Turawa suka kai Gabas ta Tsakiya, karo na biyu. Suger bai so tafiyar ba da farko, amma shi aka bar wa riƙon ƙasa. Shekara 2 yana biyan sojoji, yana gyara gidajen sarki, yana aika masa kuɗi, wani lokaci daga dukiyar gidan zuhudu. Da ƙanen sarki, Robert na Dreux, ya dawo da wuri yana neman kujerar, Suger ya tara manyan ƙasa ya kashe wutar. Sarki ya dawo a 1149 ba nasara, ya tarar da ƙasarsa lafiya, aka riƙa kiran Suger uban ƙasa. Ya kuma roƙi sarki kada ya rabu da matarsa. Bayan rasuwarsa aka raba auren a 1152, Eleanor ta auri Henry, wanda ya zama sarkin Ingila a 1154, ta tafi da yankinta na Aquitaine mai faɗi, abin da ya haifar da gāba mai tsawo tsakanin ƙasashen biyu.

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. A 1129 Suger ya karɓe gidan mata masu zuhudu na Argenteuil, aka kore su, bisa takardun da masana da yawa a yau suke shakkar sahihancinsu. Yana son a tuna da shi ƙwarai: ya sa sunansa a rubuce-rubucen jikin ginin sau da yawa, ya sa aka zana siffarsa a gilashi da ƙofa, ko da yake a durƙushe. A 1150 kuma, shi da ya yi shakkar yaƙin baya, ya shiga shirya wani sabo. Zazzaɓi ya kama shi kafin shirin ya je ko'ina. Bernard, wanda ya taɓa tsauta masa, ya rubuto masa wasiƙar ƙarfafawa irin ta ɗan'uwa. Ya rasu ranar 13 ga Janairu 1151, yana da kimanin shekara 70, aka binne shi a majami'arsa.

Gādon da ya bari

Irin da aka shuka a Saint-Denis ya yaɗu. Aka fara Notre-Dame ta Faris a 1163, aka sake gina Chartres bayan gobarar 1194, aka fara Reims a 1211, Amiens kuma a 1220, mai rufin da ya kai mita 42 daga ƙasa. A Beauvais aka kai mita 48, amma wani sashe ya rushe a 1284, darasi ga masu gini domin gasa. Ta Cologne a Jamus an fara ta a 1248, ba a gama ba sai 1880. A zamaninsa ana kiran salon aikin Faransa. Sunan Gotik daga baya ya zo, daga bakin marubutan Italiya na ƙarni na 16, waɗanda suka jingina shi ga ƙabilar Got domin raini. Salon ya iso Nijeriya ma, kamar yadda ake gani a babbar majami'ar Anglikan ta Marina a Legas, wadda aka kammala a 1946.

Saint-Denis kanta ta sha wuya. A 1793, lokacin juyin juya halin Faransa, aka tone kaburburan sarakuna, tagogi da yawa kuma suka salwanta a shekarun da suka biyo baya. Duk da haka ginshiƙan Suger na sashen gabas suna nan tsaye, a 1966 kuma majami'ar ta zama kujerar bishop. Notre-Dame ta ƙone ranar 15 ga Afrilu 2019, aka sake buɗe ta a Disamba 2024. Ikkilisiyoyin kudancin Kaduna da suka taɓa kwashe toka suka sake kafa harsashi bayan rikici sun san nauyin irin wannan rana.

Abin koyi

Tarihi bai yanke hukunci tsakanin Suger da Bernard ba, Ikkilisiya kuwa tana bukatar su duka biyu. Inda babu Bernard, gini yakan cinye rabon gwauruwa. Inda babu Suger, sujada takan zama abin da ake yi da ragowa. Abin lura shi ne Suger ya karɓi tsautawa ya gyara rayuwarsa shekaru kafin ya fara gini, ya tsara kuɗin shiga kafin ya haƙa harsashi, ya girmama tsohon bangon da jama'a ke ƙauna, ya kuma tanadi mai kula da abin da ya gina.

Ba kowace ikkilisiya ce za ta iya sayen gilashi mai launi ba, amma lambu ba ya fin ƙarfin kowa. Kabar giwa, da ɗaɗɗoya, da furen nan na Madagaska mai fari ko ja-ja da ake gani a harabar asibitoci, da ɗan gajeren nan mai kaurin ganye da ke buɗewa da hantsi, duka suna son rana, suna kuma jure rani in an ɗan taimaka musu. A zaɓi wurin da rana ke bugawa akalla awa 6, a ɗaga kunya domin kada ruwa ya kwanta, a gauraya ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen taki, a dasa da farkon damina, a yi shinge saboda awaki. A riƙa tsinke furen da ya bushe domin sabo ya fito, a rufe gindi da ciyawa lokacin hunturu, in sun yi cunkoso a raba saiwar a ba maƙwabta. Aiki ne da zumuntar mata da matasa da yaran makarantar Lahadi za su iya ɗauka ba tare da an taɓa baikon matalauta ba. Ubangiji da kansa, a Matiyu sura 6, ya fifita adon furen jeji a kan dukan darajar Sulemanu, iyalin da suka dasa shi a ƙofar majami'arsu kuwa sun shiga aikin da yaron Saint-Denis ya ba da ransa a kai.